Ƙwayar da Yaya Ta Kai Gulbi

Yayar maigidana bandar kifi take sayarwa a kasuwar Yelwa, amma in ka zauna da ita sai ka rantse ita ta koya wa likitoci aiki. Ba ciwon da ba ta san maganinsa ba, ba matar da ba ta san sirrin ɗakinta ba. Ita ta rene shi bayan rasuwar innarsu. Shi ya sa ƙato da shi, mai tuƙa jirgin inji zuwa Warra ko ana iska, da ta ɗaga murya sai ya koma yaro.

Shekarun farko na aurena ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ga mutuwar jiki. In yi barci in tashi kamar na wuni ina daka, gashi yana zuba, ƙiba tana hawa alhali ba wani ci nake ba. A tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa, ni lulluɓa nake da zani. Yaya ta duba ta yanke hukunci: ragwanci ne da jin daɗi, kitse ya toshe mahaifa. Na sha jiƙe-jiƙenta har na daina tambayar sunansu.

Da muka gaji muka tafi asibiti a Birnin Kebbi, ni da shi. Aka ɗebi jini. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta taɓa gaban wuyana ta ce akwai wani ɗan nama a nan, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Nawa bai kumbura ba, aikinsa ne ya yi rauni, shi ya sa komai na jikina ke tafiyar hawainiya, har da haihuwa. Ta rubuta mini wata 'yar farar ƙwaya, kullum bayan sallar asuba, da ruwa zalla, ba koko ba shayi sai an jima. Sannan ta juya wajen maigidana ta ce duk ranar da ciki ya shiga kada a kuskura a daina, a dawo da wuri, don a lokacin ne ma ake ƙarawa. Ta ce a watannin farko ɗan da ke ciki da na uwarsa ya dogara. Ya gyaɗa kai ya ce in sha Allahu. Da kunnensa ya ji.

A hankali na dawo mutum. Sanyin ya tafi, na fara gama aikina kafin hantsi, al'adata ta daidaita.

Wata safiya Yaya ta biyo ta gidanmu za ta bakin ruwa sarin kifi, ta tarar ina ɓallo ƙwayar daga ledarta.

"Amarya, mi kika sha haka da sassahe?"

"Maganin wuya ne, Yaya."

Ta ƙare wa wuyana kallo. "Wuyan ga lahiya lau nika ganinai."

Ba ta ƙara tambaya ba, don mai ilimi irin nata ba ya tambaya sau biyu. A duk duniya ƙwaya ɗaya ta sani ƙarama wadda mace ke sha kullum a lokaci guda, ita ce ta hana ɗaukar ciki. Kafin mako ya zagayo labari ya gama rumfunan kifi: ashe matar ƙanenta da gangan take yi, ba ta son jikinta ya lalace. Matan da ba su iya bambanta maganin zazzaɓi da na tsutsa ba suka koma yi mini kallon gefen ido a gidan biki. Ni da na sha ɗacin kowane saiwa a ƙasar Yauri don neman ɗa, ni ce mai gudun haihuwa.

Na ce da maigida ya je ya gaya mata abin da likita ta ce. Ya ce in yi haƙuri, zai samu lokaci ya yi mata bayani. Lokacin bai samu ba.

Ana cikin haka wata ya wuce ban ga al'ada ba, ƙaurin banda ya fara tayar mini da zuciya. Shi kaɗai na gaya wa, don ba a shelar ƙaramin ciki. Ya yi murna ƙwarai, har ya yi sadaka. Muka tsayar da magana bayan kasuwar Warra za mu koma wajen likita.

Kafin nan na shiga maƙwabta barka. Na dawo na tarar da Yaya zaune a tsakar gida tana fifita, akwatina a buɗe, babu ƙwaya ko ɗaya. Ba ta ma ɓoye ba.

"Na kai su gulbi," ta ce. "Kihi shi sha, in su ma ba su son ɗiya."

Na ce mata maganin ciwona ne, na rantse. Ta taɓe baki. Na juya wajen maigida, wanda shigowarsa ke nan, ina jira ya faɗi abin da kunya ta hana ni faɗa. Sai ya tsaya gyaran igiyar da ke hannunsa, ya ce ba komai, a sayo wani.

An zaga shagunan magani na Yelwa, babu irinsa. Sai Birnin Kebbi. Ya ce bayan kasuwa. Kasuwa ta ci ta watse, ya ce ruwa ya cika, fasinja sun yi yawa, sai bayan kasuwa ta gaba. Ni kuwa na san ba fasinja ba ne. In muka kama hanya Yaya za ta tambayi ina zuwa, shi kuma sai ya buɗe baki ya ce da ita ta yi kuskure. Wannan ya fi masa ratsa gulbi cikin hadari wuya. Makonni suka shuɗe, sanyin ya dawo, na koma barci a zaune.

Da na ga abin ba na ƙare ba ne na kira Innata a Shanga. Washegari ta iso, ba ta nemi izinin kowa ba, ta sa ni a mota sai Birnin Kebbi. Likitar ta ji labari, ta sa aka ɗebi jini, ta ƙara mini ƙarfin maganin. Ban daɗe da dawowa ba, ina tsugune ina wanke-wanke, na ji abu yana bin ƙafata.

Likita ta ce ba za ta rantse rashin maganin ne ya jawo ba, ana yin ɓari ko da magani. Ni ma ban rantse ba. Amma na tsani Yaya, kuma har yau ban nemi in daina ba.

Ta zo dubiya da kwanon farfesun kifi, fuskarta fes, kamar ta zo suna. Ta zauna a bakin gadona, maigida yana tsaye a ƙofa.

"Ki yi hankuri, amarya, Allah shi ba da mai zama," ta ce. "Amma ni murna nika yi. Kin gani? Da anka zubda ƙwayar nan, ba ga ciki ya shiga ba? Yanzu hanya ta buɗe. Da ban yi abin da na yi ba, da har yau muna nan muna jira."

Ita dai haka Allah ya yi ta, ba ta san cikin ya riga zuwanta gulbi ba. Maigida kuwa ya sani. Shi ne ya yi sadaka a kansa tun ƙwayar tana cikin akwati. Na ɗaga kai na dube shi, na ba shi lokaci.

Ya gyara tsayuwa, ya dubi kwanon farfesun.

"Allah shi saka da alheri, Yaya," ya ce.