Goron da Ya Makara

A Urno ba a ce wa babba a'a a gaban jama'a. Haka muka tashi muka tarar. In ya nemi abin da ba za ka iya ba, sai ka sunkuya ka ce "to", ka koma gida. Gari na wayewa ka tura dattijo da goro ya kai uzurinka cikin zaure, inda ba wanda zai ji kunya. Wannan "to" ba yarda ba ce, na ji ne kawai. A maƙera in an ce to, guduma ake so ta sauka. A bakin rijiya kuwa jan guga ake nufi. Ko yaro ba ya ruɗa su.

Shekarar da yaƙin Turawa ya tashi, kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankinmu, ya zo daga Madawa neman samarin da za a kai soja. Ruwan shuka ya sauka ke nan, ina gona. Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu, idon babana kuma ya riga ya dushe. In babu ni, babu mai riƙe hauya.

Abin da ya faru a ƙofar maigari, maƙerin garinmu, aminin baba, shi ya ba ni labari daga baya. Tafinta ya tsaya a kan baba ya ce, "Tsoho, kumandan na biɗar ɗanka. Ka ba da shi?"

Baba ya duƙa ya ce, "To."

Tafinta ya juya ya ce wa Baturen da Faransanci, "Wi," wato e, ya yarda.

Baturen ban riƙe shi a zuci sosai ba, me ya sani? Tafintan ne har yau na kasa yafe wa. Ɗan Adar ne, da furar ƙasar nan ya girma. Ya san goro na nan tafe da safe, ya kuma san motar kumandan ba za ta kwana ba.

Baba ya lallaɓa gida yana ce wa inna, "Kwantar da hankalinki. Gobe da sahe maƙeri shi kai goro, magana ta ƙare." A lokacin gardi, dogarin kumandan, ya riga ya taso ni daga gona, ƙoƙon iri na hannuna. Kafin la'asar mota ta tashi da mu.

A bariki na taɓa ce wa sarjan "to", na sha marin da ya sa kunnena ya yini yana ƙara. Can "wi" ake cewa, a kuma aikata nan take. Na koya.

Da na dawo, sabara ta cinye gonar, baba kuma ƙasa ta rufe shi. Na je maƙera da fushina, na tambayi dattijon me ya hana a kai goron.

Ya ajiye guduma ya ce, "An kai hwa, ɗana. Tsoho ya matsa mini, wai ƙila a maido ka. Nat tahi da sahe, na hwaɗi uzuri duka, idonai, gona, babu wani ɗa."

Na ce, "Baba, mi maigari yac ce?"

"Ya amshi goro, yac ce to."