Haƙoran Yaya Sun Ƙi Zama

Buɗe-mu-gani ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa haƙoran roba a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori, har abin ya bi jikinsa. Ko a bakin titi kuka tsaya gaisawa, idonsa ba ya kan idonka, yana kan bakinka. Da ka yi dariya sai ya karkata kai ya ce, "Ɗan buɗe mu gani." Kai jama'a! Ka tsaya tambayar mutum iyali, ka ƙare da hangame baki a gaban masu wucewa.

A ƙa'ida aikinsa bai haɗa shi da marasa lafiya ba. Likita ne ke danna wa mutum kwaɓi a baki ya ɗauko siffar dasashinsa, a kawo masa ɗaki. Shi kuma ya zuba filasta, farin garin nan mai daskarewa, ya fitar da bakin mutum fari fat a kan tebur, ya shimfiɗa kaki irin na kyandir, ya jera haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya dafa, ya goge. Wanda ya rasa biyu ko uku a yi masa ɗan guntu mai ƙugiyoyin waya da ke kama haƙoran kusa. Wanda ya rasa duka a yi masa cikakke, wanda yawu kaɗai ke manna shi a ganɗa. Amma ina! Buɗe-mu-gani ba ya iya taɓa bakin da bai ga mai shi ba. Sai ya leƙo ɗakin likita da filasta a gira, ya tsura wa mutum ido.

"Baba, tela ne kai, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ga hanyar zare nan a haƙorinka. Almakashi na gefenka, amma da baki kake yankewa."

Haka yake gane kafintan da ke riƙe ƙusa a baki, da mai buɗe kwalba da turmin haƙori, da matar da ta shekara goma tana tauna da gefe ɗaya saboda tsoron likita. Ba ya gajiya da tambaya. Likitoci uku sun zo sun tafi, duk sun yi ƙorafin shisshiginsa, kuma duk sun ƙare da kiransa in aiki ya cije.

Baki ɗaya ne ya gagare shi, na yayarsa. Ita ta raine shi, don uwarsu ta rasu yana shekara uku ita tana sha uku. Yaya mace ce mai dariya, irin wadda in ta tuntsire a shagonta na kayan masarufi, mai gyaran keke na ƙarshen layi yake tambayar me aka ce. Ciwon suga ya bi dasashinta, haƙora suka yi ta girgiɗi, cikin shekara biyu aka cire na sama kaf. Daga nan ta daina zama a shago, ta bar wa 'yarta. Abinci sai ta tura ƙofa take ci, magana kuma ta bayan tafin hannu. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Abin ya tsaya wa ƙanen nan nata a rai, don yana gani da idonsa matar da ta goya shi tana ƙarewa a ɗaki.

Ya zauna ya yi mata haƙoran da bai taɓa yi wa kowa irinsu ba, jere reras, ba fari ƙal na 'yan gayu ba, daidai shekarunta. Likita ya gwada mata, ya ja da yatsa biyu, suka ƙi fita. Kwana huɗu 'yarta ta bugo waya ta ce, "Kawu, faɗowa suke yi." Aka sake ɗaukar siffa, ya yi na biyu. Suka faɗo. Ya yi na uku, ya rage nan, ya ƙara can, ya kai su gida da kansa. Da ya koma bayan mako ya same su a kofi a kan taga, su uku a ruwa suna masa murmushi.

"Yaya, ciwo suke miki?"

"A'a."

"Sun yi girma?"

"Auta, ka bar wahalar da kanka. Bakin ne ba ya so."

Bakin ne ba ya so! Wannan magana ta hana shi sukuni. Shi a saninsa baki ba ya ƙi haka kawai, akwai abin da ke ture su, kuma sai ya gan shi. Ranar hutunsa ya je gidan da hantsi, ya ce ta saka na ukun, shi ba abin da zai yi sai kallo. Ta harare shi ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da aiki sai kallon bakin mutane." Ta saka, ta jawo tire ta hau tsince wake, shi kuma ya ja kujera ya zauna gabanta kamar mai jiran mota.

Minti goma ba komai. Da hankalinta ya tafi kan waken, sai ya ga leɓenta na sama ya ɗan motsa ta hagu. Ya sake motsawa. Ya matso. Harshenta ne ke zuwa bayan haƙorin gaba na hagu, ya laluba gefensa, ya koma, ya dawo ya ƙara dannawa kamar mai neman makulli a aljihu. A zuwa na shida ko na bakwai iska ta shiga, haƙoran suka saki, ta tare su da hannu.

"Yaya, me harshenki ke nema a nan?"

Ta hau juya su a tafinta. Shi kuwa bai ƙara tambaya ba, don kafin ya rufe baki amsar ta riga ta zo masa, har hannunsa ya kai ƙeyarsa, inda yake da ɗan tabon da gashi ba ya fitowa.

Yana shekara biyar zazzaɓi ya kama shi, Yaya ta kai shi a yi masa allura, ta rungume shi a cinya. Da allura ta shiga ya banƙare da iya ƙarfinsa, ƙeyarsa ta daki bakinta, kusurwar haƙorinta na gaba ta ɓalle. Jini a kansa, jini a leɓenta, ita kuma shi take lallashi. Haka ta girma da ɓallin nan, 'yan mata na tsokanarta da shi. Shi kuwa duk dariyar da ta yi a duniya, ɓallin yake fara gani, kunya ta kama shi. Daga nan ya koyi kallon baki. Da ya iya aiki ya roƙe ta ya fi sau goma ta bari a cike mata, kullum ta ce sai an kwana biyu. Shi ya sa da ya zo jera mata sababbi, haƙorin nan na hagu ya fi ɓata wa lokaci, ya yi shi sumul, cike da murna wai yau ya biya abin da ya ɓata.

"Da gangan na gyara shi," ya ce. "Na ɗauka kin gaji da shi."

"Wa ya aike ka?" Ta ajiye tiren. "Shekara hamsin da biyar, in ina lissafin abin da ya dame ni, nan harshena ke zuwa ya zauna. Ranar da ka tafi karatu nan ya kwana. Da aka cire haƙorin na yi kuka, likita ya ɗauka zafi ne. Sai ka kawo mini na wata mata ka ce in saka." Ta miƙa hannu ta shafa ƙeyarsa, daidai wurin. "Kai naka yana nan, ni ka share mini nawa."

Wallahi ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Mutumin da ke gane tela daga hanyar zare, ga shi bai karanta bakin da ya fi kowane daɗewa yana kallo ba.

Bai koma asibiti ya ɗauko inji ba. Akwai ɗan magagari a aljihun rigarsa, da shi ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Bai nemi hoto ba, me zai yi da hoto? Ya san ɓallin nan fiye da tafin hannunsa: ya karkace zuwa ciki, da ɗan kaifi ta ƙasa. Duk da haka a hankali ya fara, don bai taɓa lalata aikinsa da kansa ba. Ya goga kaɗan, ya wanke, ya miƙa mata. Ta saka, ta lumshe ido, leɓen ya motsa.

"Ƙara. Kanka ya fi haka ƙarfi."

Ya ƙara. Ta sake sakawa. Harshen ya je, ya taɓa, ya tsaya. Suka zauna, ita tana tsince wakenta, shi yana kallon leɓen da agogo. Rabin awa ta wuce haƙora ba su motsa ba. 'Yarta ta shigo daga shago ɗaukar canji, ta gan su, ta ce, "Kawu, lafiya? Garin yaya sabon haƙorin ya karye?"

"Shi ya karya," in ji Yaya. "Karo na biyu ke nan, kuma wannan karon ko allura ba a yi masa ba."

Sai ta tuntsire da dariyar nan tata, kai a baya, hannayenta biyu riƙe da tire, babu wanda ya tashi rufe baki. Ga ɓallin nan a hagu, inda yake tun yana yaro. Da ta lafa ta share ido ta dube shi, ta ce, "To, yau ba za ka ce in buɗe ka gani ba?"

Sai ya sunkuyar da kai yana goge magagarin da bakin rigarsa, ita kuma ta ce wa 'yarta ta share mata kujerarta ta shago.