Jar Fitilar Malam Ramalan

Shekara talatin da ɗaya Malam Ramalan yana jan tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar Fijo tsakanin Durba da Rano. Fasinjansa masu tallan nono ne, su da ƙorensu, sai buhunan albasa idan lokacinta ya yi. Motar ta girmi 'ya'yansa kaf, kuma bai taɓa barin wani bakanike ya sa mata hannu ba. Taurin kai kam, ko shi ba ya musu.

Wata Talata ya rage gudu a kwanar Tarai, sai mai babur ya daki bayansa. Allah ya tsare, ƙwarya biyu ce ta fashe, mai babur ya kuje gwiwa. Ya miƙe yana faɗa: "Haba Baba! Ka tsaya ba fitila ba komai?" Da maganar ta kai tasha, Mato shugaban direbobi ya ce kada ya sake ɗaukar ko mutum ɗaya sai fitilar birki ta kawo.

Abin haushin fitilar birki shi ne mai takawa ba ya ganin ta. Don haka ya shigar da motar kangon da ke bayan gidansa, ya tsayar da matarsa Dije a baya.

"Ta kawo?"

"Ba ta kawo ba, Malam."

Ya sauya ƙwan fitilar. Shiru. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya bi waya tun daga batir har baya, yana kankare tsatsa da wuƙa, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Saura makunni kenan. Nasa irin na dā ne, a jikin bututun man birki yake, sai an taka man ya matse shi sannan ya kunna. Sai da ya je Kano ya yini a wajen masu tsofaffin kayan mota kafin ya samo. Ya dawo a gajiye tiɓis, washegari ya ɗaura, ya fitar da iskar da ta shiga man.

"Yanzu fa?"

"Wallahi ba ta kawo ba."

Kai! Ransa ya ɓaci. Kwana huɗu ba aiki, ga rana, ga wannan mata da ko jan barkono sai ta kai shi kusa da ido. "Ke dai ba kya gani ne. Zo ki taka, ni in duba da kaina."

Dije ta yi dariya. Tunda take ba ta taɓa zama a mazaunin direba ba. Ta tattare zani ta hau, ya nuna mata abin takawa na tsakiya, ya zagaya baya yana ɗingishi.

Ta taka. Fitilu biyu suka kawo jajir.

Ta saki, ta sake takawa. Jajir.

Ya koma ya zauna, ya taka iya ƙarfinsa. Dije ta leƙa, ta sake leƙawa, fitila ba ta kawo ba. Ya dubi ƙafarsa ta dama. Tun daminar bara take masa nauyi, wani lokacin ba ya jin takalmi a cikinta. Kuma gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba, watanni kenan da giyar mota yake rage gudu, ya ƙarasa da birkin hannu. Ashe tsohon makunnin ma ƙalau yake. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar hatsarin.

Akwai dabara, kuma ya san ta sarai. A ɗaura ƙaramin makunni a ƙarƙashin abin takawa, da an shafa shi fitila ta kawo. Aikin rabin awa. Mato zai ga ja, ya ce bismillah. Amma fitila ba ta tsayar da mota, kuma ya san gangaren da yake bi da mata tara a baya, wasu da goyo.

Ya ɗauki sifana, ya juya ta a hannunsa, ya juya, sannan ya ajiye ta a kan kujera.

"Malam, in ce wa su Lubabatu gobe akwai mota?" in ji Dije a hankali. Lubabatu ce ke tara masu nonon kowace safiya.

Ya zare mukulli ya miƙa mata ta taga.

"Ki ce musu motar ta gyaru," ya ce. "Direba ake nema."