Atamfar Zaɓe a Shirin Sallah

A shekarun da na yi a Guangzhou, abincin rana a wajen wata Hajiya 'yar Maraɗi nake ci. Gidanta yana wani lungu na Xiaobei, ba nisa da benen Tianxiu inda ofishina yake. Falo ne guda, da leda a shimfiɗe, da talabijin a jikin bango. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka, ran Juma'a kuma dambu. Da an sallame Azahar za ka ga mutanen Kano da na Maraɗi da na Yamai suna hawowa, kowa da jakar samfur a hannu.

Ba tuwon kaɗai ke kawo mu ba, ko da yake babu mai yarda ya faɗa. Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa da rana a can gida, labarin wani dillalin hatsi da 'ya'yansa maza biyu da ba sa jituwa. 'Yar Hajiya ce take turo mata shi ta waya, saboda haka kullum mutanen gida sun riga mu da kwana ɗaya. Dokokin Hajiya biyu ne. Ba a faɗin abin da zai faru, ko da matarka ta ba ka labari, kuma ba a siyasa sai an kashe talabijin.

Ni nakan zauna can gefe in nuna kamar ba kallo nake ba. Na zauna a Alƙahira, na ga yadda gari yake yin tsit a watan azumi saboda irin waɗannan wasanni. A Abijan na ga mace ta bar tuya a kan wuta saboda wasan mutanen Barazil da aka mayar da shi Faransanci. Su ma Sinawa suna da nasu na bikin sabuwar shekara. Duk inda na je abin ɗaya ne: da biki ya zo sai marubuta su tara 'yan gida wuri guda, mai laifi ya durƙusa ya yi kuka, a yafe masa, bayan biki a koma rigima. Na sha faɗin haka a falon nan, har wata rana Hajiya ta tare ni.

"Alhaji, kai da ba ka kallo, mi ya sa in na tahi ɗauko miya kake cewa in tsayar da shi?"

Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Cikin masu cin abinci a wurin akwai wani ɗan unguwarmu a Kano. Na girme shi sosai, a gabana ya tashi, Yaya yake ce mini. Sana'arsa atamfa, kuma shi yake zana kayansa da hannunsa, da fensir da kala, a kan farar takarda mai faɗi. Sinanci ba ya ji, Turancinsa kuma bai wuce na gaisuwa ba. Ni ne bakinsa. Duk masana'antar da zai je tare muke zuwa, ya faɗa in juya. Ko sabon zane ya gama, ni yake fara nuna wa kafin kowa.

A siyasa kuwa ba mu yi kama ba. Shi mutum ɗaya yake bi tun mutumin yana ƙaramin ɗan takara a ƙaramar hukumarmu. Mutumin ya faɗi zaɓe, ya sake faɗuwa, ƙanen nan nawa bai motsa ba. Ni kuwa ina ganin na fi ƙarfin wannan. Na ga jiharmu ta rantse da jam'iyya ɗaya, bayan zaɓe biyu ta koma tsine mata. Na ga lokacin da birni yake gabas ƙauye yake yamma, na ga lokacin da suka yi musaya. Hajiya takan ce mu 'yan Najeriya mun fi saurin sauya jam'iyya a kan sauya hula, mu kuma mu ce mata aƙalla mu muna da hular sauyawa.

Da zaɓen gwamna ya matso, mutumin nasa ya samu takara. Sai ƙanena ya zauna ya zana atamfar da za a raba wa matan mazaɓarmu. Ƙasan zanen kore ne, da layi-layin zangarniyar gero, hoton ɗan takara a tsakiya cikin da'ira. A kowane layi akwai zangarniya guda da ta lanƙwasa. Na tambaye shi ko kuskure ne. Ya ce a'a, mahaifiyarsu tana shuka gero a bayan ɗakinta, idan wata zangarniya ta yi nauyi ta rusuna sai ta ɗaure ta da tsumma a jikin kara. Tun da ta rasu yake saka irinta a zanensa maimakon sa hannu.

Muka kai aikin wata masana'antar buga yadi a gefen Xintang, cikin masu ɗinkin wandon jins. Mai wurin, wanda muke kira laoban kamar yadda ake kiran kowane maigida a can, ya daɗe da sanina. Abin da yake cin lokaci a aikinsu shi ne sassaƙa allunan da ake buga zanen da su. Wannan yakan ɗauki makonni. Idan alluna suna nan kuwa, a kwana kaɗan an gama. Atamfar ta fito da kyau, muka kai ta filin jirgin Baiyun aka ɗora a jirgi.

Bayan 'yan makonni iska ta juya a gida. Wasu manya suka sauya sheƙa, jama'a suka fara bin su. Sai wani ya kira ni daga Kano, wakilin ɗaya ɓangaren, ya ce suna son atamfar mata cikin gaggawa, kafin babban taronsu na ƙarshe. Babu lokacin sabon zane, balle sababbin alluna. Na hau mota ni kaɗai na tafi Xintang. Na ce wa laoban ya ɗauko allunan geron nan, ya mayar da kore makuba, ya cire wancan hoton ya sa wannan. Ya tambaye ni ko ƙanena ya sani. Na ce masa babu matsala, da Sinancina mai kyau da nake alfahari da shi.

A hanyar dawowa na yi ta ba wa kaina hujja. Gero ba na kowa ba ne. Kayan ma wani yankin jihar za a kai su. Atamfar zaɓe kuwa wa yake tuna ta bayan an ƙirga ƙuri'a?

Aka yi zaɓe, mutumin ƙanena ya faɗi. Har akwatin unguwarmu ya tafi ɗaya ɓangaren. Ranar da labari ya tabbata, da Hajiya ta kashe talabijin, ni na karɓe hira. Na kawo misalin ƙasashen da na zauna, na ce matsalar mutanenmu ita ce ba su riƙe alƙawari, wanda suka ci abincinsa jiya shi suke juya wa baya yau. Ƙanen nan nawa yana zaune kusa da ni, bai taɓa tuwonsa ba, yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne, Yaya. Har yau idan na tuna wannan zaman nakan rasa inda zan sa fuskata.

Azumi ya zo ya wuce. Shirin Sallah na wasan nan, kamar kullum, sai washegarin Idi ya iso mana. Hajiya ta yi waina da miyar taushe, falo ya cika har bakin ƙofa, kowa cikin sabuwar shadda. A wannan zangon marubuta sun raba 'ya'yan dillalin hatsi gida biyu, kowa da jam'iyyarsa ta ƙirƙira, har ƙaramin ya tona asirin babban a wajen abokan hamayya. Kowa ya san a shirin Sallah za a sasanta su. Na ma faɗa kafin a kunna, Hajiya ta ce in na ƙara magana ba ni ba ƙarin waina.

Akwai abin da na sani sarai amma ban kawo shi a raina ba. Bayan zaɓe, ragowar atamfar 'yan takara kasuwa take faɗawa da araha. Teloli su saya, su yanke hoton su yar, su ɗinka sauran. Masu shirya wasan kwaikwayo kuma ba sa wuce yadi mai araha.

Dillalin hatsi ya tara iyalinsa a tsakar gida. Matan gidan suka fito da kwanukan abinci, duk sun yi anko. Makuba ne, da layi-layin zangarniyar gero.

Ƙanena ya ajiye wainar da ke hannunsa ya ce wa Hajiya don Allah ta tsayar. Ba a taɓa yin haka a shirin Sallah ba, amma ta tsayar. Ya tashi ya je gaban talabijin, ya sa yatsa a kan ɗankwalin wata 'yar wasa, daidai inda zangarniya guda ta lanƙwasa. Ya ce wannan zanensa ne. Mutane suka fara tsokanarsa, wani ɗan Yamai ya ce ai sai ya yi wa jama'a walima tunda atamfarsa ta zama tauraruwa. Bai yi dariya ba. Ya ce tasa kore ce, makuba kuwa launin waɗanda suka kayar da su ne. Sai ya juyo gare ni.

"Yaya, laoban ya ci amanata. Gobe ka raka ni. Duk abin da na faɗa ka faɗa masa, kada ka rage ko kalma."

Na ce to.

Hajiya ta sake kunnawa. Ƙaramin ɗan ya durƙusa gaban yayansa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kafin kowa ya tambaye shi. Na kalli wannan har ƙarshe, ina cin waina. Ina da sauran yinin gaba ɗaya, ofishin ƙanena kuma hawa biyu ne tsakaninsa da nawa. Ban je ba.

Da safe muka ɗauki mota zuwa Xintang. Yana ta shirya abin da zai faɗa, ni kuma ina shirya nawa. Zan faɗa a nan tunda na ɗauki alƙalami: niyyata ita ce in ce wa laoban da Sinanci ya ɗora laifin a kan wani ma'aikaci da ya bar aiki, ni kuma in juya wa ƙanena da Hausa cewa an ba shi haƙuri. Su biyu babu mai jin wani, ni kaɗai nake jin kowa. Da wannan na dogara.

Laoban ya tarbe mu da fara'a, ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu. Ƙanena ya ciro waya ya nuna masa hoton da ya ɗauka daga talabijin. Kafin in buɗe baki, laoban ya washe haƙora ya miƙa hannu ya jawo littafin samfur daga kan kanta.

Al'adarsu ce a masana'antun nan. Duk aikin da aka gama sai a yanki ƙyalle a manna a littafi, a haɗa da katin wanda ya ba da aikin, shi kuma ya sa hannu a gefe don shaidar launi ya yi masa. Na sa hannu a irin wannan littafi ba adadi, har na daina lura ina yi. Laoban ya buɗe shafin ya juyo mana da shi. A hagu ga kore da katin ƙanena. A dama ga makuba da katina, da sa hannuna da harufan Larabci kamar yadda na saba. Ya buga yatsa a kan makubar, ya ɗaga mini babban yatsa, ya yi magana. Shi a zatonsa ƙarin aiki muka kawo.

Ƙanena ya daɗe yana kallon shafin. Bai ɗago ba ya ce, "Me ya ce, Yaya?"

Na ce, "Ya ce na biyun ya fi fitowa da kyau."

Ya shanye shayinsa, ya ce wa laoban shiye-shiye, wato godiya, ɗaya daga cikin kalmomi kaɗan da ya iya. Muka fito.

Muka hau mota muka kama hanyar dawowa. Muna wuce shagunan jins, da mutane suna loda dila a kan kekuna. Na jira ya zage ni, ko ya tambaye ni dalili, don na tanadi dalilai. Bai tambaya ba. Sai da muka kusa shiga gari ya ce, yana kallon taga:

"Da ka gaya mini ai da na zana maka wani. Ko na masara ne."

Na roƙe shi gafara a nan cikin mota, direba yana jin mu bai san me muke cewa ba. Ya ce ai Sallah ake, ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai gaya wa kowa ba a wajen Hajiya. Da suka tambaye shi yadda aka yi da laoban, cewa ya yi an daidaita. Hajiya dai ta dube ni dubawa ɗaya ta ci gaba da zuba miya, ban san abin da ta gane ba.

Bai daina gaishe ni ba. Idan muka haɗu a matakala yakan karɓi jakata ya hau da ita. Amma daga ranar bai ƙara neman in raka shi masana'anta ba. Ya sa manhajar fassara a wayarsa, yana yi mata magana tana juyawa, wani lokaci ta juya daidai wani lokaci ta yi shirme, a haka yake cinikinsa. Ni kuma na ci gaba da zuwa kallon 'ya'yan dillalin hatsi, waɗanda suka koma rigimarsu mako guda bayan Sallah, sai dai na daina yi wa mutane bayanin yadda ake rubuta irin wannan shiri.

Bayan wasu watanni na leƙa ofishinsa da hantsi, ƙofa a buɗe. Yana sunkuye a kan teburi da fensir, farar takarda a gabansa, ya yi nisa a wani sabon zane. Da ya ji sallamata ya amsa da fara'a, ya jawo dardumar sallarsa ya rufe takardar, sannan ya tashi ya ba ni kujera.