Baffa Sule Tela da Ƙasashensa Biyu

Duk wanda ya san Baffa Sule tela na Ƙofar Kwaya ya san tef ɗin awon nan da ke rataye a wuyansa. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure, matarsa Inna Rabi kuwa ta rantse da shi yake wanka. Ba ka isa ka faɗi magana a gabansa ta wuce salin-alin ba. Ka ce tuwo ya yi kaɗan, ka ce Kano da nisa, tambayarsa ɗaya ce: "Ka auna?"

Ƙanen mahaifina ne. Ni kuwa lokacin ina koyarwa a firamare, don haka duk rigimar ilimin da ya tono a kaina take ƙarewa.

Shekarar da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, wani mai neman kansila ya zo unguwarmu da lasifika. Yana cikin zuba ya ce ai duk yankin nan babu ƙasar da ta kai Najeriya girma. Ana ta tafi, sai ga muryar Baffa daga bayan keken ɗinki: "Ka auna? Nijar ɗin nan ta bayan Jibiya ta fi ta yadi."

Aka kwashe da dariya. Wai Nijar, da mutanenta ke zuwa sayen hatsi wajenmu? Da la'asar Baffa ya ce in aro masa taswirar Afirka ta makarantarmu, zai duba wani abu. Ni sakarai na kawo. Washegari na tarar ya sa almakashi ya yanke Nijar da Najeriya tsaf, ya ja dattawan unguwa har wajen maƙerin zinari, aka ɗora kowace a gefe ɗaya na sikeli. Nijar ta rinjaya.

Na ce, "Haba Baffa, taswirar makaranta ce fa."

Ya ce, "To ai yau ta yi amfani. Da can rataye kawai take tana cin ƙura."

"Mi zan faɗa wa hedimasta?"

Ya ɗauko taswirar, ya ɗora a keke, ya mayar da ƙasashen biyu da jan zare. Wallahi har na bar makarantar nan akwai yaran da suka ɗauka ɗinke iyakar ƙasa ake yi.

Mai neman kansila ya dawo, wai to ke nan Nijar ta fi mu? Baffa ya ce ya zauna ya ji karatu. "Nijar babbar riga ce, yadi kamar a kafa rumfa, amma a bakin ƙasa kaɗai aka yi mata aiki. Nan kudu ake noma, gaba kaɗan kiwo, daga can sai rairayi har ka gaji. Tamu ba ta kai ta yadi ba, amma ko'ina aiki ne: ga dawa, ga doya, ga koko."

"To wacce ta fi?"

"Sai na ga mai sawa. Saniya ba ta son rigar da aka cika wa aiki."

Ba a baki ya tsaya ba. Gonarsa ta bayan Ƙofar Sauri ma ƙasa biyu ya raba ta. Ɗan gefen da ke gangare, mai laka, inda yake zuba gero da wake, shi ne Najeriya. Jigawar da ke sama, wadda ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ita ce Nijar, kuma bai taɓa sa mata fartanya ba. Nan Jauro Bello Bafulatani yake sauka da shanunsa duk damina, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina, ba shi da wani wurin. In Inna Rabi ta biyo Baffa da fura yana can sama, sai ya tsayar da ita a kan iyaka ya buɗe ƙwarya, wai kwastan ne. Ta ce wata rana sai ta juye masa ita a ka, ya karɓi harajin.

Siyasa ta kawo sabbin masu kuɗi, fili ya yi daraja. Wani Alhaji ya zo da dalleliyar mota yana son jigawar, zai gina gidan mai. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam Sule, ai wurin banza ne, ba kowa a ciki."

"Ka auna?"

Baffa ya ja shi da tsakar rana, ga shadda ga takalmi mai sheƙi, suna awo da tef ɗin tela, taku bayan taku. Ba su yi nisa ba Alhaji ya zurma ƙafa cikin ɗanyen kashin shanu. Baffa ya duƙa ya duba da kyau, ya ce, "Alhaji, ka ce ba kowa. Ga shi ka taka sa hannun masu wurin."

Tun da ƙarfinsa ya raba gonar. Najeriya ya ba ɗiyarsa Hajara, ni ya ba ni Nijar. Gaskiya raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, ni rairayi ya dace da ni?" Ya ce, "Ita hatsi za ta ci. Kai ka yi boko, ka san fili ba shuka kaɗai ake yi da shi ba. Kuma kai ka samu babbar."

Ranar da ya rasu, masu haƙa kabari suka aiko a kawo awo. Na miƙa hannu zan ɗauko tef ɗinsa, liman ya ce a'a, kara ake sawa. Karan gero aka karyo, na gonarsa, aka auna shi daga kai zuwa ƙafa. Mutumin da ya ɗora ƙasashe biyu a sikeli, kara guda ya ishe shi. Nan na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Ko sadakar arba'in ba a yi ba Alhaji ya dawo, wannan karon wajena. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne, ga rufin ɗakina yana yoyo. Na ce ya ba ni kwana biyu. Washegari Jauro Bello ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono. Ya daɗe zaune yana murza sandarsa, sannan ya ce a hankali, "Malam, bana mu sauka, ko mu nemi wani wuri?"

Na dubi tef ɗin Baffa rataye a ƙusa. Na ce, "Jauro, ku sauka. Iyaka a buɗe take."

Allah Ya jiƙan Baffa Sule, Ya yafe masa kurakuransa, har da taswirar makaranta. Yadda ya bar wa bayinKa fili suka huta, ya Allah, Ka yalwata masa kabarinsa, yalwar da ba tef ɗin da zai iya aunawa. Amin.