Kwanon Dambun Gwaggo

Shekarar da aka rufe iyakar Maigatari, shinkafa ta yi tsada, na fara aiki a wani ofis a Gumel. Babu murhu a wurin, sai butar shayi. Kullum gwaggona takan ɗaure mini kwanon dambun gero da zogale a ƙyalle. Ko ya huce, ƙamshin man gyaɗa na nan.

Wata rana wani abokin aikina ya yi dariya: "Malam, gona ka zo ko ofis?" Na ɓoye kwanon, na mayar gida a cike.

Ta buɗe, ta ce, "Ɗan nan, geron da ubanka ya noma kake jin kunya? To, ina bin ka kwano ɗaya suɗaɗɗe."

Ban ƙara ɗaukar kwanon ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Jiya Gwaggo ta cika shekara da rasuwa. Matata ta turara dambu, na kwance ƙyallen a kan teburin ofis a gaban kowa. Mai dariyar ya leƙo. Na ce, "Wanke hannu, ko ka ba ni wuri." Na suɗe kwanon tas.

Gwaggo, na biya. Allah Ya ciyar da ke abincin Aljanna.