Rigar Da Na Ɗinka Wa Baffa

A shekarun da bam ke tashi a tashoshin mota da kasuwannin Gombe, ni tela ne a Barunde, mai ɗan shago da keke biyu da girman kan da ya fi shagon. Mahaifina, da muke kira Baffa, tsohon falken shanu ne, ya sha kora garke da ƙafa har bayan Kwadon. Wata safiya yana alwala hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wata bakwai yana kwance, in ya ji kiran salla sai ya juya fuska bango.

Yayana da ke aiki a ƙasar waje ya aiko da na'urar koyon tafiya. Ɗamara ce mai batir da ake ɗaurawa a ƙugu, wayoyi sun sauko zuwa ƙarafan da ke kama cinya da ƙwauri, ga ɗan inji a gwiwa mai ɗaga ƙafa in mutum ya yunƙura. Likitan gashin ƙashi ya riƙa zuwa gida yana saita ta. Daga taku uku Baffa ya kai ga zagaya tsakar gida. Ranar da ya isa zaure da kansa, ɗaki na shige na yi kuka.

Sai Baffa ya ce Juma'a yake son zuwa da ƙafarsa. Likitan ya ce mu fara sanar da liman da 'yan agajin da ke binciken mutane a ƙofar masallaci, kuma a bar na'urar a fili kowa ya gani. Amma na san Baffa, Bafulatani ne mai kunya, ba zai so a ce ƙarfe ke tafiyar da shi ba. Ni kuma uban iyawa, na ce likita bai san mutunci ba. Na yanko yadi, na ɗinka masa wando mai faɗi da babbar riga, ta rufe komai ruf. Ko mutum ɗaya ban gaya wa ba.

Da muka isa ƙofar, ɗan agajin ya shafa masa abin bincike, ya yi ƙara. Ya kai hannu ƙugunsa, ya ji batir da wayoyi. Har gobe ban ga laifinsa ba, don bam ne ya kashe ƙaninsa a tasha. Ya ja da baya yana salati, wani ya ambaci bam, jama'a suka watse. Ina ta ihu cewa mahaifina ne, marar lafiya ne, amma wa zai saurare ni? Aka bangaje Baffa, aka bi ta kansa, ƙashin ƙugunsa ya karye.

Bai sake takawa ba. Liman ya zo dubiya, ya ce da an faɗa masa, da kansa zai fito ya kama hannun Baffa har sahun gaba. Shi kuwa Baffa bai taɓa ɗora min laifi ba, albarka ya yi ta sa min har ya cika, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Na san ƙaddara gaskiya ce, amma na san inda na sa hannuna a ciki. Jama'a, ciwo ba abin kunya ba ne. In kuna da majinyaci, ku gaya wa maƙwabta, ku ji maganar likita, balle a lokacin da tsoro ya cika gari. Mutanen da na ɓoye wa lalurar Baffa, su ne daga baya suka kai shi masallacin nan, a kan makara.